Hanyar Zama "Da Sauransu" a Aikin da Ka Yi da Hannunka

Kai ɗalibin digiri na uku, matso kusa. Kana fargabar kada wata rana a ɗauke ka aiki, a ba ka ofis da kujera mai juyawa, ka rasa lokacin ɗaukar wa Farfesa jaka? Kwantar da hankalinka. Matakan nan an gwada su an ga aikinsu, kuma har yau ba a sami wanda ya bi su sau da ƙafa ya ci gaba ba. Shaidarmu tana nan da ranta, a hawa na biyu, ƙofar ƙarshe kusa da banɗaki: wani bawan Allah da ake kira Mai Makulli, saboda shi ke buɗe ɗakin gwaje-gwaje, shi ke rufewa. Duk abin da za ka ji da kansa ya yi, ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya.

Fara sanin halin da yake ciki. Shi da matarsa, malamar firamare, da 'yarsu suna zaune a bayan gidan yayansa, a ɗakin da dā tarkace ake zubawa, mai taga guda. Sashensu a jami'a zai ɗauki sabon malami, aikin kuma yana zuwa da gidan ma'aikata mai ɗaki biyu da tagogi har gaba da baya. Sai dai an gindaya iyakar shekaru. Bana ce kaɗai ta rage wa Mai Makulli, baɗi ya haye.

Mataki na 1: Karɓi makulli

Ranar da Farfesa, wato malamin da ke duba aikinka, ya miƙo maka makullan ɗakin gwaje-gwaje ya ce ya yarda da kai, sa hannu biyu ka karɓa. Mai Makulli har da rusunawa. Ya koma gida baki har kunne, yana kaɗa su a aljihu don matarsa ta ji ƙararsu.

Makulli ba ya zuwa shi kaɗai. A bayansa akwai takardun jarrabawar 'yan aji ɗaya da za ka yi wa maki, da laccar safe da Farfesa ba zai samu zuwa ba, da motarsa da ke wurin bakanike tana jiran wanda zai tsaya a kanta. Kada ka ce a'a ko sau ɗaya. Masana sun tabbatar cewa ɗalibin da ya iya cewa a'a yakan gama karatu da wuri, kai kuwa ba abin da ya kawo ka ke nan ba.

Mataki na 2: Yi aikin, ka kuma yi shi da kyau

Nan ne ragwaye ke kuskure. Suna zaton sai ka ƙi aiki sunanka zai ɓace. Ina! Wanda bai yi komai ba me za a ɗauke masa?

Mai Makulli binciken ƙwarin da ke cin wake a buhu yake yi. Kwalabe jere a kan kanta, kowace da wakenta da ƙwarinta, bakinta ɗaure da ƙyalle. Shekara da shekaru yana tankaɗe su a rariya, yana ware matattu da masu rai da ɗan tsinke, har ya zama daga ƙofa in ya shaƙi iska ya san kwalbar da ta lalace. Rigunansa duk warin rumar wake suke, 'yarsa ma da shi take gane ya dawo. Daga ƙarshe ya gano iya zafin da za a ba waken, ƙwan ƙwarin ya mutu, waken kuma ya tsira in an shuka. A ranar, zama ya yi a ƙasa, a tsakanin kantoci, yana dariya shi kaɗai. Ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, kuma ya cancanci jin sa.

Mataki na 3: Riƙe majigi

In an tafi taron masana, bar wa Farfesa magana. Kai zauna a gefe wajen kwamfuta, in ya ɗaga yatsa ka sauya hoto. In aka yi tambaya mai wuya zai waiwayo, sai ka raɗa masa amsa cikin ladabi, ya maimaita da babbar murya, a tafa.

A irin wannan taro za ka ga abokin karatunka, irin wanda su Mai Makulli ke kira Sarkin Hoto. Ya riga Mai Makulli shiga sashen da shekara guda. Ba ya shiri da ƙwaro, wai suna sa shi atishawa, amma ba babban da zai wuce bai tsaya kusa da shi an ɗauka ba. Shi ya ɗauki hotunan ƙwarin da aka sa a maƙalar binciken, kuma gaskiya sun fito ɗas. Raina shi a zuciyarka. Raini ba ya cin komai, kuma yana taimakawa wajen barci.

Mataki na 4: Jera sunaye da kunya

Buɗe kunnenka, duk sauran matakan share fage ne.

Mai Makulli ya rubuta maƙalar daga farko har ƙarshe, ya kai wa Farfesa ya tambayi yadda za a sa sunaye. Farfesa yana neman tabaransa a ƙarƙashin takardu, ko ɗagowa bai yi ba.

"Jera su yadda ya dace, yarona."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Mai Makulli ya san dokar gidan kamar yunwar cikinsa: wajen ɗaukar aiki sunaye uku na farko ake ƙirgawa, haka ma masu ambaton maƙala, sunaye uku suke rubutawa, ragowar a dunƙule su a ce "da sauransu". Ya sani sarai. Amma da ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta sunansa a farko, sai ya ga abin ya yi masa tsirara. Sunansa a kan na Farfesa? Ya goge. Ya sa Farfesa. Shugaban sashe kuma shi ya sa hannu aka sayo firji, ga girma, ya zama na biyu. Saura shi da Sarkin Hoto. To, wanda ya riga ka shigowa ai yayanka ne.

Matarsa na gefen katifa tana duba littattafan ɗalibanta, ta leƙo ta karanta. Ta tambaye shi wanda ya tankaɗe ƙwarin, ya ce shi. Wanda ya rubuta, ya ce shi. Ta ajiye jan birona ta dube shi.

"To Malam, don me kake a ƙasa?"

Ya yi murmushin masana ya bayyana mata cewa ba ta san manya ba. Farfesa zai karanta, ya ga tawali'un yaronsa, ransa ya yi sanyi, ya ɗauki biro da hannunsa ya mayar da shi sama. Ta haka ya samu matsayin, ya kuma samu albarka. Ta ce Allah ya sa, ta koma kan littattafanta.

Washegari Farfesa ya duba shafin farko, ya gyara harafi guda a laƙabinsa, ya ce madalla, a tura.

Mataki na 5: Yi murna

Maƙala za ta fito a babbar mujalla. Za a yi ta ambatonta: Farfesa, da shugaban sashe, da Sarkin Hoto, da sauransu. Duk inda ka ga haka ka ce a ranka, ai ni ne. Masu abin sun san mai abin.

Ita kuwa matarka, ganin an buga aikin mijinta, za ta bi ta unguwar ma'aikata daga makaranta, ta ƙare wa tagogin gidan nan kallo, ta sayo yadin labule mai ruwan ganye ta ɓoye a ƙasan akwati. Ka gani, ka yi kamar ba ka gani ba.

Mataki na 6: In dama ta zo, dubi Farfesa

Ranar ganawar ɗaukar aiki Mai Makulli ya ari kwat wurin yayansa. A ɗakin taro ya tarar da dogon tebur, ga shugaban sashe, ga Farfesa yana juya shayi, ga wata baƙuwar farfesa da aka gayyato daga wata jami'a don a yi adalci. Ita ba ta san kowa ba, takarda kawai take bi.

Ta tambaye shi batun ƙwarin wake. Allah sarki, bakinsa ya buɗe. Ya yi bayanin ƙwai, da zafi, da kwalbar da ta kusa ɓata masa lissafi, har da yadda ƙwaron ke lafewa kamar matacce in ka taɓa shi. Baƙuwar ta gyaɗa kai, ta ji daɗi ƙwarai.

"Ka san aikin malaminka ciki da waje," in ji ta. "Naka fa? Wane bincike ka jagoranta?"

Ga damar nan ta zo har gabanka. Kalma biyu ce: nawa ne. Kada ka kuskura. Yi yadda Mai Makulli ya yi, juya ka dubi Farfesa, ka jira babba ya faɗa da bakinsa. Makullan suna wa Mai Makulli nauyi a aljihun kwat ɗin aro, yana jira.

Farfesa ya ajiye cokali. Ya gyara murya.

"Yaro ne mai biyayya. Tun da nake ban taɓa ganin mai kula da ɗakin gwaje-gwaje irinsa ba."

Baƙuwar ta rubuta wani abu gajere, ta yi masa godiya, ta ce ya turo na gaba. Na gaban Sarkin Hoto ne, yana tsaye a baranda yana gyara wuyan riga, riƙe da maƙalar da sunansa yake na uku.

Mataki na 7: Koma ka buɗe ɗaki

Da sakamako ya fito, taya sabon malami murna. Riƙe masa waya ka ɗauke shi hoto a ƙofar ofis. Farfesa zai dafa kafaɗarka a matakala ya ce kada ka damu, shi har ya ji daɗi, don da an ɗauke ka wa zai kula masa da kwalabe? Zai kuma tuna maka akwai maƙala ta biyu, ka jera sunaye yadda ya dace. Yanzu ma abin ya zo da sauƙi, tunda Sarkin Hoto ya zama malami, ba sai ka yi dogon tunani ba.

Mai Makulli ya dawo gida da yamma, ya mayar wa yayansa kwat. Matarsa ba ta tambaye shi komai ba, fuskarsa ta gaya mata. Bai taɓa jin kunyar mutum kamar yadda ya ji tata a ranar ba. Ta jawo akwati ta fito da yadin, ta auna tagar nan guda da tafin hannu, ta sa almakashi ta yanke iya abin da zai rufe ta. Ya tsaya yana kallon tulin da ya rage a kan katifa, ya tambaya a hankali yaya za a yi da wannan.

"Sauran?" ta ce, tana ninkewa. "Ai ba a ƙirga su."

Sanarwa

Mai wannan jagora ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya, ko furfura ce ta riske ka kana ɗalibi, ko shiru ne ya sauka a ɗakinka, ko yadi ne ya tsufa a akwati. Ba a mayar da shekaru. Mai ƙorafi ya kai wa Farfesa. Ya tafi taro, amma ka hau hawa na biyu, ƙofar ƙarshe kusa da banɗaki, akwai wanda zai buɗe maka ka jira.