Ranar da Majalisa Ta Soya Dukiya

A wani daji, wanda ka sani sarai domin ka sha bi ta gefensa kana kawar da kai, akwai wani falalen dutse da a yau ko ƙadangare ba ya iya daɗewa a kansa. Kada ka ce ba ka ga lokacin da inuwarsa ta tafi ba. Ka gani. Cewa ka yi ba ruwanka, ai wasa ne.

Wasan ne kuwa, sunansa Tafiya. Da la'asar dabbobi kan kewaye dutsen, kowa ya ɗauki halin da ba nasa ba: zomo ya zama maharbi, kura ta zama mai magani. Mai jan labari ya zana hanya da gawayi, ya ce ga kogi, ga kogo, ga dodo a bakin kogon, me za ku yi? Wanda ya faɗi abin da zai yi sai ya watsa ƙwallon dabino huɗu da aka ƙona wa gefe ɗaya, yadda suka faɗi haka labarin zai juya. In an yi nasara, mai jan labari ya buɗe gorarsa ya ba da dukiya. Dukiyar kuwa idon zakara ce, 'yar ƙwayar nan ja mai ɗigon baƙi, wadda ba a ci, ba a sha.

Bushiya Tasalla ta tashi ne a zamanin da Baba Nomau, tsohon damo, yake jan labari, kuma har gobe in ta rufe ido tana jin muryarsa. Baba ba marowaci ba ne, amma yana da awonsa. Yakan ce, "Ina ba ku abin da zai sayi kwalekwale, ban da filafili. Filafilin ku nemo shi a wajen juna." Sai ka ga kura da zomo sun haɗa kai suna shawarar wa zai ba da ƙwaya ɗaya. Kuma akwai al'ada: duk ƙwayar da aka kashe a cikin labari, mai ita ne zai tona ƙasa a gindin rumfar da ke kan dutsen ya binne ta da hannunsa. Idon zakara tsiro ne mai yaɗo. In damina ta sauka sai ya hau rumfa ya rufe ta ruf, tsofaffin rassa su mutu, sababbi su maye. Wato inuwar da ake zama a ciki, kwalekwalen bara ce da igiyar bara waccan.

Ita Tasalla tana da ƙwaya ɗaya da ba ta taɓa kashewa ba. Ranar da ayarinsu ya zo Kogin Kada a cikin labari, ita ce ta tsaya a baya ta riƙe igiya har kowa ya haye, ƙwallayenta kuma suka faɗi mummunar faɗuwa, ta rasa takobi da jaka. Baba Nomau ya daɗe yana kallonta, sannan ya zaro ƙwaya ɗaya ya ce, "Wannan ta mai riƙe igiya ce." Ta ɗinka mata 'yar jakar fata ta rataya a wuya. Da Baba ya rasu, ita aka miƙa wa gorar.

Ba a yi wata uku ba Majalisar Wasa ta zauna. Bika, babban biri, shi ne shugaba, kodayake ba a taɓa ganin ya zauna wasa har ƙarshe ba. Gafiya Barmo ne ya kawo ƙara.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ni ba mai yawan magana ba ne. Amma a duba. Mutum ya baro aikinsa, ya zauna tun la'asar har rana ta yi ja, ya yi faɗa da dodo, a ƙarshe a miƙo masa ƙwaya biyu kamar sadaka. Ga yaɗo nan a kanmu ya yi 'ya'ya jingim, sai kallo. Wa ake ajiye wa? Baba Nomau, Allah ya jiƙansa, mutumin da ne. Mu kuwa mun waye. A ba kowa kwando guda a kowane zama, ko ya yi nasara ko bai yi ba, don kada ran kowa ya ɓaci."

Tasalla ta miƙe, ƙayoyinta duk sun tashi. "Ranka ya daɗe, in biyu ta yi kaɗan, a mai da ita uku, ban ƙi ba. Ni ma na ga ranakun da aka tashi hannu wofi aka tafi gida da fushi. Amma wanda ke da kwando, me zai nema a kogo? Me zai roƙa a wajen na kusa da shi?"

"Yarinya," in ji Bika yana susar ciki, "mun ji ƙaunarki ga marigayi. Amma majalisa ba ta aiki da kewa. Wa bai yarda da kwando ba?"

Tasalla ta duba fuskokin waɗanda ta riƙe wa igiya. Zomo yana kallon ƙafarsa. Kura ta tuna da wani ƙaiƙayi a bayan kunne. Su talatin ne a wurin, kusan duka sun san gaskiya, kuma kowa ya bar wa na kusa da shi ya faɗa.

Zaman farko an yi shewa. A zama na huɗu Tasalla ta zana kogo, ta sassauta murya yadda Baba yake yi, ta ce, "Ga dodo a bakin kogo, numfashinsa kamar hayaƙin gawayi. Me za ku yi?"

"Nawa ne dodon?" in ji Barmo.

"Ba na sayarwa ba ne."

"Haba Tasalla, komai na sayarwa ne. Tambaye shi dai. In ya ƙi, nawa ne kogon? Mu tashe shi."

Aka yi dariya, ita ma ta ɗan yi. Ba wanda ya taɓa ƙwallon dabino ran nan. Da aka zo binnewa kuma, Kura ta ce ita ba za ta tona rami ɗari biyu ba, tana da ciwon baya. Majalisa ta dakatar da binnewa, don sauƙaƙa wa jama'a. Ƙwayar da aka kashe sai a zuba a rumbun majalisa, mabuɗin yana hannun Barmo. Don a cika kwanduna kuwa aka tsige 'ya'yan da ke ƙasa, aka janyo rassan sama, daga baya aka riƙa tumɓuke yaɗon gaba ɗaya, wai ya fi sauri.

Sai damina ta sauka, aka wayi gari dukiyar da ke cikin kwanduna ta ji laima ta fara tsiro. Dajin ya ruɗe. Majalisa ta yi zaman gaggawa, Bika ya yi jawabi: "Jama'a, arzikinmu yana lalacewa a kan idonmu. Yana fitar da saiwa. Ba za mu zuba ido ba." Aka kafa manyan tukwane, aka zafafa yashi, kowa ya kawo kwandonsa aka soya. Dukiya ta fito tana ƙyalli, kuma ba ta sake yin tsiro ba. An yaba wa majalisa ƙwarai.

Da rani ya zo, rumfa ta zama itace tsirara. Dutsen ya riƙa ɗaukar zafi har magariba, 'yan wasa suka ragu daga talatin zuwa uku. Wata la'asar Tasalla ta tarar da Barmo shi kaɗai a gefen dutsen, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya.

"Kun kashe wasan Baba," ta ce. "Kun soya inuwarmu a tukunya. Ka ji daɗi?"

Barmo bai yi gardama ba. Kwanduna arba'in gare shi a rami, ba shi da wanda zai nuna wa. Sai ya nuna wuyanta da haɓa. "Wannan fa? Shekara nawa tana nan? Mu dai mun ɓoye da yawa, ke kin ɓoye ɗaya. Baba cewa ya yi a rataya?"

Tasalla ta kai hannu wuyanta. Ta kama 'yar jakar. A duk dajin ba ta san wata ƙwaya mai rai ba sai wannan, kuma ita kaɗai ce abin da ya rage mata daga hannun Baba. In ta binne, gara na iya cinyewa, ruwa na iya makara, ta tashi ba ƙwaya ba inuwa.

Ta zauna, ta ɗauki gawayi ta zana kogi a kan dutsen mai zafi. "Ga Kogin Kada," ta ce. "Kai ne mai kwalekwale. Nawa za ka haye da ni?"

Barmo ya dube ta. "Ƙwaya ɗaya," ya ce a hankali. "Filafilin ni zan kawo."

Ta warware ɗinkin da haƙori, ta tona ƙasa a gindin rumfa da hannunta, ta binne. Barmo ya tafi rafi ya ɗebo ruwa a ɓawon goruba, sawu bakwai.

Majalisa kuwa ta kafa kwamitin gano wanda ya sace inuwar dutse. Yana zama duk Laraba a ƙarƙashin wata tsamiya, can nesa, inda akwai sanyi.

Ƙwaya ɗaya ba ta rufe rumfa, kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kai da ka kalli ƙafarka ran nan, tashi ka zazzage kwandonka, ka duba ƙasansa. In akwai wadda ba ta shiga tukunya ba, ka san hanyar dutsen.