Fitowar Hajiya Ladidi

Wani matashin darakta mai suna Mudassir ya ari ofishin wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano ranar wata Asabar, don ya ɗauki fitowar ƙarshe ta fim ɗinsa na soyayya da ban dariya. Labarin wata budurwa ne da ta ci burin zama manaja. Ta fara aiki ran Litinin, ta kifar wa ɗan mai kamfani shayi a riga ran Talata, suka yi rigima, suka shirya, suka yi waƙa biyu a lambu, kafin watan ya mutu aka ba ta kujerar.

Abin da ya rage a ɗauka shi ne inda tsohuwar ma'aikaciya za ta ji an tsallake ta an ba yarinya muƙamin. To, matar da za ta yi wannan fitowa ta bugo waya wai tana gidan suna a Wudil. Ga la'asar ta kawo jiki, ga mai kamfani ya ce yini ɗaya ya ba su, ko awa ba zai ƙara ba.

Mudassir ya waiga, sai ya hangi Hajiya Ladidi, ma'aikaciyar da aka turo ta buɗe musu ofis. Tun safe tana zaune a gefe da makullai a cinya. Ya je ya durƙusa ya yi ta magiya har ta yarda ta maye gurbin matar. Ya ce ba sai ta haddace komai ba, in an yi sanarwar ba yarinyar muƙami ta yi abin da ya zo mata a rai kawai.

Aka kunna kyamara, aka yi sanarwa. Hajiya Ladidi ta miƙe da fara'a, ta rungume jarumar, ta gyara mata mayafi, ta yi mata addu'ar Allah ya taya riƙo. Mudassir ya tsayar da ɗauka, ya ce a sake. Aka sake, ta yi daidai yadda ta yi da farko. A karo na uku ma har kujerar ta karkaɗe mata.

Mudassir ya share gumi, ya matso kusa da ita, ya sassauta murya.

"Hajiya, ki yi haƙuri, kin kasa shiga labarin. Ki ƙaddara shekara ashirin kina aiki a ofishin nan, rana ɗaya a ɗauko yarinyar da ta zo jiya a ɗora miki. Haka za ki tsaya kina murmushi?"

Hajiya Ladidi ta gyara zaman tabaranta, ta dube shi.

"Ashirin da uku ne, ɗan nan. Kuma sau huɗu ina yin wannan fitowar a ofishin nan, ba wanda ya taɓa cewa in sake sai kai."