Tsakuwar Tanimu

Ƙawata Asabe, matso kusa. Kin san gidanmu mu uku ne: ni, da 'yata Balaraba da ta karanci kwamfuta, da ƙanena Tanimu, wanda gemunsa ya soma furfura amma abin da aka faɗa masa shi kaɗai yake yi, ba ragi ba ƙari.

Balaraba ta haɗa wa makarantar garinmu manhajar buga sakamakon jarrabawa. Aikin manhajar shi ne ta zauna tana jiran umarni daga kwamfuta: buɗe, buga, rufe. Amma da umarni biyu sun zo tare, sai ta sandare. Hedimasta ya ce in ba ta gyaru ba zuwa Litinin, wani zai ba aikin. Ni da na koyi karatu da kwalin magani, addu'a kawai na iya taimaka mata da ita.

Wata rana na ce, "Tanimu, kada ka fara aiki sai ka gama na hannunka." Yana cikin ɓarar gyaɗa akuya ta shiga lambu. Na yi ta kwaɗa masa kira, ko ɗagowa bai yi ba, har ta cinye alayyahon.

"Ban gama ba, Yaya," in ji shi.

Wata rana kuma Balaraba ta ce, "Kawu, duk wanda ya kira ka, ka amsa nan take." Yana ɗauke da tulu maƙwabcinmu ya kira shi. Ya ce "Na'am!", ya saki tulun ya ruga.

Wata rana, Asabar ce, ana suna a maƙwabta, kowa na aikensa. Yana cikin aiki ana ta kiransa, dokokin nan biyu suka haɗu masa. Duk wanda ya kira shi sai ya ce "Na'am, na ji!", ya tsinci tsakuwa ya jefa a aljihu, ya ci gaba da aikin hannunsa. In ya gama, ya ciro wadda ta riga shiga, ya je wurin mai ita. Kafin la'asar nauyi ya ja wandonsa har gwiwa, mata suna ta dariya.

"Tanimu, tsakuwa za ka sayar?"

"Bari, Inna Kande, ke ce ta bakwai."

Da aka kira salla, ya zazzage su a tabarma a jere, ya tafi alwala.

Balaraba ta miƙe tsaye. "Mama! Ya amsa, ya jera, ya bi ɗaya bayan ɗaya, mai girma kuma, kamar salla, ba ya jira!" Ta bar tuwonta ta nufi kwamfuta.

Ran Litinin hedimasta ya turo umarni goma a tare. Manhaja ta amsa duka, takardu suka yi ta fitowa a jere. Alhamdu lillahi! Ya tambayi Balaraba wane malami ne ya koya mata wannan dabara. Ta ce wani dattijo ne a gida.

Don Allah, Asabe, kada ki gaya wa kowa. Hedimasta na neman dattijon ya zo ya yi wa ɗalibai jawabi, shi kuwa har yanzu yana neman Inna Kande, tsakuwarta na hannunsa.