Farfesan Jijiya da Ƙafar Baba Tela

A duk asibitin nan, daga mai gadi har likitan tiyata, babu wanda ya kai Farfesan Jijiya sanin jini. Shi da kansa ya faɗa, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya, sai dai ƙari. Shekara goma sha ɗaya yana jera katin marasa lafiya, har ranar da aka rasa wanda za a tura kwas na kwana uku, aka tura shi. Ya dawo da takardar shaida, da farar riga har gwiwa, da wata 'yar na'ura kamar rediyon aljihu, mai igiya da kai irin na biro. A shafa mai a ƙafa, a ɗora kan a bisa jijiya, sai a ji jini yana wucewa, fuu, fuu. Iyakar aikin ke nan. A bakin Farfesa kuwa, ilimi ne da ba kowane kai ke ɗauka ba.

Ɗakin wankin gyambo aka kai shi. Mutanen ɗakin masu ciwon suga ne da tsofaffin da rauninsu ya ƙi warkewa, kuma a wurinsu maganar ba ta wasa ba ce. Gyambon da jini ke kai wa ziyara yana haɗewa, wanda jini ya yi wa yaji kuwa ƙarshensa wuƙa. Shi ya sa duk sati biyu ake aunawa, a ga ko magani yana ci.

Shekara ashirin Sista Babba ke lalubar jijiya da yatsu biyu, tana wanke raunin da ko 'yan uwan mai shi ba sa iya kallo. Farfesa mutum ne mai karamci, a gaban kowa ya gode mata.

"Zamanin lalube ya wuce, Sista. Ke ki riƙe auduga, ni zan riƙe kimiyya."

Ya sa aka ɗinka wa na'urar jaka, ya rataya a wuya, da ita yake zuwa cin abinci. A gida ya auna matarsa, ya gano jininta a hankali yake tafiya, shi ya sa girki ke makara. Ya auna surukinsa, ya hana shi harɗe ƙafa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma shi a wuyan Farfesa ado ya zama.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba, wato kallon gyambo. Da an buɗe bandeji sai ya ɗaga hanci sama ya lumshe ido.

"Ƙwararre da kunne yake gani," in ji shi.

Ana nan sai waɗanda suka ba asibitin kyautar na'urar suka aiko baƙi uku su ga yadda take aiki. A kan gado ranar akwai Baba Tela, dattijo mai ciwon suga, wata takwas yana jinyar gyambo a ƙauri, kullum tambayarsa yaushe zai koma taka keken ɗinkinsa. An lulluɓe shi da zanin gado, tafin ƙafa biyu kawai ke leƙe. Sista ta fita ɗauko bandeji. Farfesa ya ga fili.

"Jini, ranku ya daɗe, kamar ma'aikaci yake. In ba a sa masa ido, ba ya zuwa aiki. Ni ne mai sa idon."

Idonsa na kan baƙi, ya laluba ya kamo ƙafar da ke kusa, ya matsa mai, ya ɗora na'ura, ya lumshe ido. Shiru. Ya gusa. Shiru. Ya bubbuga ta a tafin hannu, ya sake ɗorawa. Ko tari ba ta yi ba.

"Ɗana, ai wannan ƙafar..." in ji Baba Tela.

"Baba, kimiyya na magana."

Ya girgiza kai irin na wanda ya ga abin da wasu ba su gani ba.

"Ko ɗigo babu. Ga ta sanyi ƙalau, ga tauri. Tun daga ƙofa na ji a jikina. Wannan ƙafa ta mutu."

Ya jawo kati ya fara rubuta a tura dattijon tiyata. A nan dariyar da Baba Tela ke dannewa ta tsaya masa a wuya, don ya san biro ya fi wuƙa kaifi.

Sista ta shigo. Ta dubi katin, ta dubi ƙafar da ke nashe-nashe da mai. Ta zare na'urar daga hannun kimiyya, ta yaye zanin, ta ɗora ta a ɗaya ƙafar, mai gyambon. Fuu, fuu, fuu, ɗakin ya cika.

"Ya fi na wancan karon ƙarfi, Baba. Ga sabon nama ya fara tasowa. Kekenka na jiranka."

Dattijon ya yi hamdala, ya tashi zaune. Ya kwance maɗauri biyu a ƙasan gwiwa, ya zare ƙafar roba, ya miƙa wa Farfesa da hannu biyu.

"Gaskiyarka, ɗana, babu jini. Yanka kuwa an riga ka da shekara shida. Amma tunda ka rubuta, ga ta, kai musu."