Ranar da Na Shiga Gonar Suruki da Mota

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren ƙanena Sani ba, kuma ko na so in manta mutanen gidanmu ba za su bari ba. Sani malamin lekwal ne, wato makarantar boko, ba ya samun sarari sai babban hutu, shi ya sa ranar ta faɗo tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu. Yarinyar kuwa 'yar wani ƙauye ce can bayan Bader Goula. An riga an ɗaga ranar sau ɗaya daga wajenmu saboda rashin lafiyar Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne waliyyin ango. Har mun fara jin ƙishin-ƙishin cewa dangin amarya na ganin mu mutanen Dakoro raina su muke yi. Saƙon da suka aiko ba shi da kwana: za a ɗaura da sassafe, kafin jama'a su watse gona. Ba wanda ya ce in mun makara an fasa, amma duk mun gane abin da ake nufi.

Ni aka ɗora wa kai Baffa, da goro da dabino, saboda ni ne mai mota. Tsohuwar mota ce da na sayo a Maraɗi, ta zo da wata 'yar na'urar GPS manne a gilashin gaba. Wani mai gyara ya zuba mini taswirar ƙasarmu a ciki, tun daga nan na zama abin da na zama. Ko masallacin Juma'a zan je sai na kunna ta, wata mata ta riƙa gaya mini da Faransanci in yi dama in yi hagu a garin da aka yanke mini cibiya. (Ina jin kunyar faɗa, amma har ƙyalle na musamman nake da shi na goge ta.)

Abokin gardamata shi ne taubashina Laminu. Shi a wayarsa yake duba hanya, kullum yana ce mini na'urata ta zamanin da ce, tasa kuwa ta san abin da ake ciki yau. Ni kuma in ce masa tasa baiwar rezo ce, wato sabis ɗin waya, in babu rezo ta zama madubi, tawa kuwa kai tsaye take magana da tauraron ɗan Adam. Saboda wannan gardama ne, da dangin amarya suka ce za su turo mai moto, wato mai babur, ya jira mu a mararraba, na ce kada su wahalar da kowa. A gaban Laminu na faɗa, da ƙarfi, don ya ji.

Muka fito bayan sallar asuba, ni da Baffa da Laminu, ga mota ta biyu ɗauke da dattawa tana bin mu. An yi ruwa a daren, hanya duk ta jiƙe, tafiyar ba ta sauri. Tun kafin mu kai Bader Goula gabana ya fara faɗuwa, don gari ya waye tangaram, mu kuwa da sauran tafiya. Muna wuce garin wayar Laminu ta yi tsit. Ya ɗaga ta sama, ya miƙa hannu waje ta taga, ya girgiza ta, babu labari. Duk da tashin hankalin da nake ciki sai da na samu bakin yi masa dariya, na ce ya ajiye ta ya duba gemunsa.

Matar cikin na'ura ta ce in yi dama, na yi dama. Baffa daga baya ya ce ai kuwa ta nan suka bi lokacin da suka zo neman auren, da rani. Na ji kaina ya ƙara girma. Sai dai hanyar ta riƙa tsukewa, ciyawa ta cinye sawun taya, can sai ga mu tsaye a bakin gero, kore shar, iyakar ganin ido. A fuskar na'ura kuwa layin nan shuɗi ya miƙe sak ta tsakiyarsa, ga sunan ƙauyen can a ƙarshensa, kusa ƙwarai.

Na duba rana, ta ɗago. Na duba Baffa ta madubi, ya daina jan carbi. Na lissafa cewa in muka juya neman wata hanya sai mun tarar an naɗe tabarmi, auren Sani ya lalace a hannuna, kuma har abada za a ce ni na hana a turo mai moto. Sai zuciyata ta kawo mini wani wayo: ai wani manomi ne ya ɗan ci bakin hanya, kunya biyu ko uku ce, ana wucewa hanya za ta dawo. Laminu ya ce in tsaya mu yi tunani. Da wani ne ya faɗa da na tsaya.

Har yau ina jin ƙarar geron nan a ƙarƙashin mota. Kunya biyu ta zama goma, goma ta zama ban san adadi ba, hanya ba ta dawo ba. Motar dattawa kuma tana biye da ni, tana gama abin da na fara. Ana cikin haka taya ta nutse a jiƙaƙƙen rairayi. Na taka, ta ƙara nutsewa.

Na fito, sai ga wani dattijo ya ɓullo daga cikin geron, hauya a kafaɗa, rigarsa duk ƙasa. Mai tsoro shi ke fara ɗaga murya. Ko sallama ban yi ba na ce, "Baba, wane ne wanga da ya rasa wurin shuka sai bisa hanyar mutane?"

Ya dubi sawun da muka bari a baya, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Ni ne, ɗana. Da rani hanya ce. In ruwa ya sauka gona ce, tun zamanin kakana."

Maimakon in yi shiru, sai na ƙara. Na ce mu ɗaurin auren ɗiyar Malam Haruna za mu, surukai na can na jiranmu, in muka makara to gonar nan ce ta jawo, kuma shi zai ɗauki alhakin. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya kau da fuska gefe kamar wanda aka kama da laifi. A lokacin ne Baffa ya samu ya ture ƙofarsa da gero ya tokare. Yana fitowa ya cire takalmi, ya durƙusa a cikin laka da babbar rigarsa, ya ce, "Malam Haruna, mun kwana lahiya?"

Sai a lokacin na gane uban amarya ne na tsaya ina yi wa tsawa. Amaryar 'yar farinsa ce. Ko sunanta ba ya faɗa, balle ya zauna a wurin ɗaurin aurenta. Ya bar wa ƙanensa waliccin, ya sulale gona tun asuba don kada ya haɗa ido da surukai. Ni kuma na kwaso surukan mota biyu, na bi ta kan geronsa, na sauke masa su a gaba, na kuma ɗora masa laifi. Dattawa suka fito ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa, wurin ya yi shiru. Cikin shirun nan matar na'ura ta buɗe baki, ta ce in juya da zarar na samu dama. Laminu ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa.

Malam Haruna ya ajiye hauya, ya sa kafaɗa a bayan motata tare da sauran. Wannan ya fi komai yi mini ciwo: ina zaune a kan kujera ina taka mai, taya na watsa masa laka da karan geronsa, shi kuma yana turawa. Da muka fita ya shige gaba a ƙasa, ya bi da mu ta burtalin shanu, muna binsa a hankali kamar masu rakiyar gawa. Da rufin ƙauyen ya bayyana ya tsaya, ya nuna da hannu, ya koma gonarsa.

Mun tarar wasu sun fara miƙewa da hauyoyinsu, amma liman bai tashi ba. Aka ɗaura. Ni a can ƙarshen tabarma na zauna, ban ɗaga kai ba, goron da aka miƙo mini ma ban san inda na sa shi ba.

Sauran daminar nan ban yi barcin kirki ba. Duk moton da ya tsaya a ƙofar gida sai in ce kiran mai gari ne a kan ɓarna, ko kuma an zo a ce Sani ya sawwaƙe wa 'yar mutane. Na roƙi Baffa ya je ya ce zan biya abin da na lalata. Ya dawo ya ce Malam Haruna ya ce ba a karɓar ɓarna a hannun suruki, kada a sake tayar da maganar. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Da kaka ta yi, ina zaune a ƙofar gida sai ga amalanke ya sauke damin gero. Mai amalanken ya ce daga Malam Haruna ne, kuma ya ba shi saƙo: "Ya ce a gaishe ka, a hwaɗa maka an yi girbi, hanya ta buɗe."

Na'urar tana nan manne a gilashi, ban cire ta ba, don kada Laminu ya ce ya ci gardama. Amma na koyi abu guda. Wayarsa da ta rasa hanya shiru ta yi, tawa kuwa da ta rasa sai ta ci gaba da magana da cikakken ƙarfin hali, irin na mai ita. Yanzu ko a kasuwa na ga dattijo da ƙasa a riga, sai na gaishe shi na tambayi sunansa kafin in gaya masa ra'ayina.