Malam Milimita da Matakalar Amarya

Duk titinmu a garin Zwolle babu wanda ya kai Evert Kolthoff sanin harkar gini, kuma wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa muka ji. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin gari yana duba takardun masu neman izinin gini, wanda ya ga dama ya buga masa hatimi, wanda bai ga dama ba ya ce ya dawo. Baiwa ce da shi ta musamman. Daga kan kujerarsa yake hango katangar da ta karkace a unguwar da bai taɓa takawa ba. Guduma kam bai taɓa riƙewa ba, don ba a sa manya ƙaramin aiki.

Da ya yi ritaya sai ya dawo mana da iliminsa kyauta. Tef ɗin awo ba ya barin aljihunsa. Ya auna shingen furannina ya ce ya ci hanya da milimita arba'in. Ya auna bencin da muke zama a bakin ruwa ya ce ƙafa ɗaya ta fi sauran. Tun daga nan muke kiransa Malam Milimita, shi kuwa da sunan ya kai kunnensa sai ya ɗauka karramawa ce.

Gidana yana kallon nasa, kuma da yake ba mu sakin labule, rabin labarin nan da idona na gani. Sauran rabin matarsa Tineke ce ta cike mini a kan kofi.

'Yarsu tilo, Renske, za ta yi aure ranar wata Juma'a cikin watan Mayu. Yarinya ce marar son hayaniya, abu ɗaya tak ta roƙa. Tana so ta kwana a gidan iyayenta, ta yi shiri a ɗakinta na bene, ango ya zo da furanninsa ya buga ƙararrawa, ta sauko a kan matakalar da ta girma tana hawa, mahaifinta ya tare ta a ƙasa ya kama hannunta. Daga nan sai ofishin gari, ƙarfe sha biyu daidai, don mai ɗaura auren yana da wasu a layi sha biyu da rabi, kuma ba ya jiran kowa.

Saura mako uku, Evert ya tsaya a gindin matakalar ya ƙare wa tsohon kafet ɗin da ke kanta kallo, ya gyara murya.

"Tineke, 'yar Kolthoff ba za ta sauko a kan wannan tsumman ba. Katakon oak za a shimfiɗa, kuma ni zan shimfiɗa da hannuna. Shekara talatin ina gyara wa kafintocin garin nan kuskurensu. Abin da suke lalube da hannu, ni a ka nake da shi."

Tineke ta ce ai ga Harm nan, me zai hana a kira shi. Harm maƙwabcinsu ne na jikin katanga, tsohon kafinta, shekara arba'in yana sana'ar, mutum ne da sai ya wuni bai yi magana goma ba. Shi ne wanda Evert ya taɓa hana izinin ƙara 'yar rumfa har sau biyu. Harm ya jingina da shinge ya ba da shawara guda: tsohon gida ne, a auna kowane mataki daban. Evert ya yi masa irin godiyar da ake yi wa yaron da ya kawo zanen da ya yi a makaranta.

Ranar farko ta tafi a sayayya. Ya sayo zarto mai lantarki, da tabarau na kare ido, da matashin gwiwa, da wata ɗamara mai aljihu tara. Da su ya je sayen burodi washegari, yana tafiya yana ƙara kamar akwatin cokula. Sannan ya ɓamɓare kafet, ya auna matakin farko har sau uku, ya rubuta a littafi, ya yanka katako goma sha uku duk awo ɗaya. Ukun farko suka zauna. Daga na huɗu sai ga rata wadda yatsa zai shiga. Can sama kuwa, inda matakalar take murɗawa, katakon ya ƙi shiga sam. Evert ya cire tabarau ya yanke hukunci: tun asali an gina gidan ba daidai ba, kuma da takardunsa sun biyo ta teburinsa da ba a kai ga haka ba.

Abin da ya ceci lamarin shi ne kwamitin unguwa. Kowace Talata da Alhamis da rana Evert yakan tafi taro, inda yake shugaba, kuma mataimakin shugaba in an rasa mai so. Yana hawa kekensa Tineke take buɗe ƙofar baya. Harm ya shigo da 'yar jakarsa, ta yanka masa kek ɗin tuffa, ya ɓalle abin da Evert ya manna, ya sake awo, ya sake yanka, ya mayar, ya share garin katako ya fice. Ba don mijin take yi ba, don 'yarta take yi, kuma ni na tausaya mata ƙwarai a makonnin nan.

Evert yakan dawo ya tarar rata ta toshe, abin da ya karkace ya miƙe. Wani mutum da sai ya yi tambaya. Shi kuwa sai ya samo bayani, ya kuma kai wa Harm har bakin shinge.

"Maƙwabci, abin da ku masu aikin hannu ba ku gane ba shi ne katako abu ne mai rai. In ka yanka shi da ilimi, ka ba shi kwana biyu, da kansa yake neman gurbinsa ya zauna."

Harm ya gyaɗa kai ya ce lallai bai taɓa jin haka ba.

Zuwa ranar Laraba aiki ya kammala. An shafa man katako siriri, ya bushe, matakala ta fito tsaf, ba santsi, ba ƙara. Renske ta iso ranar Alhamis, ta hau ta sauko, ta sake hawa, ta rungume ubanta idonta cike da hawaye. Ta ce ba ta taɓa zaton zai iya ba, shi kuma ya ɗauki wannan ma a matsayin yabo. Da a nan ya tsaya, da yau ba ni da labarin bayarwa.

Ranar Juma'a ƙarfe bakwai na safe, amarya da uwarta da mai gyaran gashi suna bene sun rufe ƙofa, na'urar busar da gashi tana ta ruri. Evert ya tsaya a ƙasa shi kaɗai, hasken safiya ya faɗo a kan matakalar, sai ya ga ba ta sheƙi. Ga mai hoto zai zo, ga iyayen ango, kuma uban angon likitan haƙori ne, mutumin da ya san sheƙi. Gwangwanin man ya ƙare. Amma a ɗakin ajiya na bayan gida akwai wani tsohon gwangwani, irin man da ake shafa wa kwalekwale, wanda surukinsa marigayi ya bari. Akwai ƙananan rubutu a jikinsa. Evert ya shekara talatin yana karanta ƙananan rubutu, ya kuma yi ritaya daga wannan. Ya hau sama a hankali, ya fara daga mataki na sha uku, ya sauko da baya yana lafta shi da kauri, don bai yarda da rowa a aiki ba. Kafin takwas matakala tana walƙiya sai ka ce jiƙa ta aka yi. Jiƙa ta ɗin kuwa aka yi.

Wari ne ya fito da Tineke wajen tara da rabi. Ta ɗora silifa a matakin sama, ta ɗaga ƙafa, silifa ta ƙi biyo ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta leƙo ta tambaye shi awa nawa abin yake ɗauka kafin ya bushe. Sai a lokacin ya sa tabarau ya duba gwangwani: awa ashirin da huɗu. Ya ce masu kamfani haka suke rubutawa don tsoron a kai su ƙara kotu, a gaskiya awa ɗaya ta isa. Ya buɗe ƙofar gida, ya kunna fanka. Lokacin kuwa bishiyoyin titinmu suna zubar da farin gashin nan nasu mai kama da auduga, fanka ta tattaro shi ta raba wa kowane mataki rabonsa.

Ƙarfe sha ɗaya ango Jurre ya iso da furanni, da iyayensa, da mai hoto, mu kuma rabin titi muka fito bakin ƙofa. Evert ya tare su cikin kwat, ƙirji a gaba.

"Jama'a, kada kowa ya damu da abin da hanci yake gaya masa. Matakala ta bushe. Ni na yi ta, ni na san ta. Bari ku gani."

Ya cire takalmi ya taka da safa. Mataki na ɗaya, na biyu, kowanne yana sakin ƙafarsa da ƙyar da wata 'yar ƙara. A na biyar ya juyo don ya yi wa uban ango bayanin yadda ake zaɓen katako. Bayanin ya ɗauki minti huɗu. Da ya gama ya nemi ɗaga ƙafa, sai ƙafa ta ce ita ta samu wurin zama.

Renske ta fito saman matakala cikin farar riga mai dogon jela. Ta dubi matakan, ta dubi rigarta, ta dubi ubanta da yake tsaye a tsakiya ya dafa bango.

"Baba, abu ɗaya fa na roƙe ka."

A nan dariya ta ɗauke mini, don muryarta ta karye. Evert ya buɗe baki ya fara magana a kan danshin da ke cikin iska a watan Mayu. Ta juya ta koma ɗaki.

Babu wanda ya kira Harm. Mun dai waiga muka gan shi yana jingina tsaninsa a tagar bene ta gaba, wadda ta nan ake shigar da gado da kabad in ana ƙaura. Tsohon tsani ne na katako, duk ɗigon fenti kala-kala. Renske ta leƙo, ta share ido, ta tuɓe takalmi ta jefo wa ango. Ta sauko da baya a hankali, mai gyaran gashi tana sako mata jelar riga daga sama, Jurre ya rungume tsanin kamar za a ƙwace masa, mai hoto yana ta aiki. A matakin ƙarshe Harm ya goge hannu a wando ya miƙa mata, ta kama. Titi ya ɗauki tafi, ita ma ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

Duk wannan Evert bai gani ba. Daga mataki na biyar bangon zaure kawai ake gani da ƙugiyar rataye riguna. Tafin dai ya ji, kuma Tineke ta ce da farko ya ɗauka nasa ne.

Tineke ce ta biyu da ta sauko ta kan tsanin, da hularta ta biki da jaka a haƙora. Ta zo bakin ƙofa ta tsaya.

"Evert, saura minti ashirin. Ka fito daga cikin safar nan, ko mu tafi mu bar ka da ita."

Ya zare ƙafafunsa ya bar safa biyu a tsaye, ya sauko matakai huɗu da tafin ƙafa tsirara, ya zura su haka cikin takalmi. Mun isa ofishin gari saura minti uku. An ɗaura aure lafiya, sai dai duk inda uban amarya ya taka ana jin sa tun daga nesa.

Na zaci yau kam bakinsa zai mutu, ashe ban gama sanin mutumin ba. Kafin a yanka kek ya warware sarai. Na gan shi ya ratsa taro yana ƙara, ya je ya tsaya a kan Harm, wanda yake zaune a lungu da kofinsa, ya dafa kafaɗarsa.

"Maƙwabci, ba don in ɓata maka rai ba, amma na ƙare wa tsanin nan naka kallo kafin mu taho. Ratar da ke tsakanin matakansa ta saɓa ƙa'ida. Da a zamanina ne, ba zan taɓa sa masa hannu ba."

Harm ya kurɓi kofinsa ya ajiye.

"Gaskiyarka, maƙwabci. Sai dai ta kansa aka sauko."