Rasuwar Iya Mai Tari, Alƙaliyar Girgizar Ƙasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Dakta ta ɗakin nazarin girgizar ƙasa ke sanar da rasuwar kwamfutarta, wadda aka fi sani da Iya Mai Tari, bayan gajeriyar jinya da doguwar wahala.

Marigayiya ta ƙare rayuwarta tana sauraren cikin ƙasa. Duk sanda babbar girgiza ta auku, tashoshin awo na nesa da na kusa kan aiko mata da abin da suka ji, a cakuɗe da rugugin teku da na manyan motoci. Sai ta zauna ta tankaɗe shi kamar gari, ta zubar da tsaki, ta bi sawun motsin da baya har inda dutse ya fara tsagewa, ta faɗi inda tsagar ta nufa da irin gudun da ta yi. Ba ta taɓa ƙarya ba, ba ta kuma taɓa sauri ba. Da safe takan ce "ƙirrr, ƙaƙ, ƙaƙ," sannan ta yi shiru har shayin Dakta ya huce.

A bakin aiki ajali ya same ta. Dakta ta daɗe tana cewa girgizar bara daga arewa ta fara tsagewa, Farfesa, maƙwabcin ofishinta, ya rantse daga kudu ne, har gaisuwa ta yanke a tsakaninsu. Iya Mai Tari aka ba alƙalanci. Tana dab da yanke hukunci, Farfesa ya shigo ya jona butar shayinsa a soket ɗaya da ita. Iya ta ce "fus," ɗaki ya ɗauki ƙauri. Dakta ba ta zargin kowa, tana dai roƙon Allah Ya saka.

Marigayiya ta bar linzamin kwamfuta mai ciwon ƙafa, da allon madannan rubutu mai wawulo, da ɗalibai marayu da kundinsu ke cikinta.

Mai gyara da ya yi mata wanka ya ciro maganarta ta ƙarshe daga ƙwaƙwalwarta: daga tsakiya tsagar ta fara, ta ruga arewa da kudu lokaci guda.

Za a kai ta makwancinta a siton ƙarƙashin bene gobe da hantsi. Dakta za ta kama makara ta arewa, Farfesa ta kudu. Ana roƙon masu rakiya kada su tambaye su komai.